Yaƙin Gashegar na 1894: Nasarar kwana ɗaya a bakin Komadugu

 

Abin da ya jawo rubutunmu na yau, wata tambaya ce da wata baiwar Allah ta yi mana ta wayar tarho a cikin shirinmu na rediyo. Dattijuwa ce ƴar Yebi, mai sana'ar banda, wadda gudun hijira ya kawo garin Diffa. Cewa ta yi: "Ɗana, ku da kuke duba takardu, don Allah ku gaya mini, kakanninmu sun taɓa ganin irin wannan masifa a bakin kogin nan, ko kuwa a kanmu aka fara?" A ranar ba mu ba ta amsa mai gamsarwa ba saboda ƙurewar lokaci, amma mun yi mata alkawari, kuma alkawari kaya ne.

Ga wanda bai san Yebi ba, gari ne a kusa da Bosso, inda Komadugu ke dab da shiga tafkin Chadi. A shekarar 2015 dubban mutanen da aka kwaso daga tsibiran tafkin sun yada zango a nan. A daren 19 ga watan Mayu na 2016 ƴan Boko Haram suka afka wa garin, suka kashe mutane, suka ƙone kasuwa da gidaje. Ranar 3 ga Yuni kuma suka auka wa Bosso kanta, inda hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 50,000 suka bar muhallansu. To Inna, amsar tambayarki ita ce ba a kanku aka fara ba. Shekaru 122 kafin wannan dare, a bakin wannan kogi dai, a Gashegar da ke gaɓar Najeriya tsakanin Damasak da Malam Fatori, an gwabza yaƙin da ya kayar da daular Barno baki ɗaya. Abin mamakin shi ne, Barebari ne suka fara cin nasara a wannan yaƙi, kuma da hannunsu suka zubar da ita.

Gidan da bangonsa ya tsage

A wancan zamani babu Nijar babu Najeriya. Komadugu ba iyaka ba ce, kogi ne a tsakiyar ƙasa ɗaya, kuma mutanen gaɓa biyu duk talakawan Shehun Barno ne da ke zaune a Kukawa. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, shi ya kafa Kukawa a 1814, bayan da masu jihadi suka ci tsohon birnin Gazargamu a 1808. Kangon Gazargamu yana nan har yanzu a kwarin Komadugu, ba nisa da Gaidam.

Kukawa gari ne na ƴan kasuwa. Kashi biyu yake: na gabas na sarki da fadawa, na yamma kuma na talakawa da fatake da Larabawan Turabulus. Babbar kasuwarsa ranar Litinin take ci. Ana ciniki da wuri, da riyalin azurfa, da ƙyallen saƙi na auduga wanda Barebari ke kira gabaga. Ayarin raƙuma kan taso daga Turabulus ya ratsa Fezzan da Bilma da Ngigmi, ya ƙetare Komadugu, kana ya sauke kaya a Kukawa. Ke nan ƙasarmu ta Diffa kan babbar hanya take tun ba yau ba. Kanwa, gishiri, dabino, dawaki, fatu, gashin jimina da haurin giwa duk ta nan suke bi, haka ma bayi, domin cinikin ɗan Adam yana cikin abin da ya riƙe wannan hanya, kuma ba za mu ɓoye shi ba.

To amma gidan sarautar ya daɗe da tsagewa. A 1846 Mai Ibrahim, na tsohon gidan Saifawa, ya gayyato Sarkin Wadai don ya kawar masa da Shehu Umar ɗan Laminu. Wadai ta zo ta ƙone Kukawa, Shehu Umar ya sa aka kashe Mai Ibrahim, shi kuma ɗansa Ali, saurayin da Wadai ta naɗa, aka kashe shi a yaƙin Minarge, nan dai a bakin Komadugu. Daga nan sarautar Saifawa ta ƙare bayan ɗaruruwan shekaru. A 1853 kuma Abba Abdurrahman ya tumɓuke yayansa Shehu Umar, aka kashe waziri Alhaji Bashir, shekara na zagayowa Umar ya karɓe gadonsa aka kashe Abdurrahman. Bayan rasuwar Shehu Umar a 1881, ƴaƴansa uku suka hau bi da bi: Bukar Kura, sai Ibrahim Kura, sai Hashimi a 1885. Kowane ɗaki yana da ƴaƴa da fadawa masu ganin su suka fi cancanta.

Shehu Hashimi mutum ne mai ibada da son zaman lafiya, ba mayaƙi ba ne. Hafsan Faransa Monteil, wanda ya yi wata huɗu a Kukawa a 1892, ya tarar da birnin a cike da mutane amma mulki ya yi sanyi. Damagaram da ke biyan gaisuwa ta riga ta fara cin gashin kanta, ga kuma annobar bushiya da ta kwashe shanun ƙasar a farkon shekarun 1890. A cikin fadar akwai wani ɗan sarki mai zafin zuciya da farin jini wajen mayaƙa, wato Abba Kyari ɗan Shehu Bukar Kura. Hashimi baffansa ne, amma babu yarda a tsakaninsu.

Wane ne Rabe?

Rabihu Fadlallah, wanda muka fi sani da Rabe, mutumin ƙasar Sudan ne, an haife shi a kusa da Hartum wajen 1842. Ya yi aiki a rundunar Zubairu Fasha, babban attajirin hauren giwa da bayi na Bahar Gazal. Da sojojin Masar suka murƙushe Sulaimanu ɗan Zubairu a 1879, Rabe ya ƙi miƙa wuya, ya kwashi ƴan ɗaruruwan mayaƙa ya nausa yamma. Shekara goma sha ya yi yana yawo a dazuzzukan da yanzu suke Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi, yana kame bayi, yana musayarsu da bindiga da albarushi, yana kuma sa samarin da ya kama a cikin soja.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne irin tsarin rundunarsa, domin shi ne zai yi aiki a Gashegar. Mayaƙan Rabe dakaru ne masu bindiga, an kasa su tuta-tuta, kowace tuta da shugabanta, ana yi musu atisaye irin na sojan Masar, ana kuma hukunta wanda ya saɓa umarni ba sani ba sabo. Wasu daga cikin bindigoginsu na zamani ne masu ɗurin harsashi ta baya. Ita kuwa rundunar Barno ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma ƙarfinta dawaki ne, barade sanye da lifidi da sulke, riƙe da masu da takubba, sai ƴan bindigar Shehu masu harbi-ruga a ƙarƙashin kacalloli. Kowane basarake da jama'arsa yake zuwa, babu albashi, ladan mayaƙi shi ne abin da ya samo a fagen fama.

Rabe bai zo shi kaɗai ba. Ya ƙulla amana da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda yana kira ga bin Mahadin Sudan. Rabe ya aura masa ƴarsa Hauwa. Wannan ya ba shi rigar addini da zai shiga ƙasar Musulmi da yaƙi. A 1893 ya ci Bagarmi bayan ya tsare garin Manjafa na watanni, ya kama Logon, ya tsaya a ƙofar Barno ta kudu maso gabas.

Daga Am Hobbio zuwa faɗuwar Kukawa

Shehu Hashimi ya tura babban sarkin yaƙinsa Mamman Tahir da dubban mayaƙa. A watan Mayu na 1893 aka haɗu a Am Hobbio, kudu da Dikwa. Barade suka yi sukuwa a kan layin ƴan bindiga, harsashi ya tare su tun kafin mashi ya kai, runduna ta watse, aka kama Mamman Tahir aka kashe shi.

Bayan ƴan watanni Shehu ya fito da kansa, Abba Kyari na cikin manyan masu jan daga, aka sake karawa a Lekarawa. Nan ma aka sha kashi. Hashimi bai tsaya kare Kukawa ba, ya kwashi iyali da fadawa ya nufo arewa, wajen Komadugu. Rabe ya shiga birnin, mayaƙansa suka washe shi, suka kashe na kashewa, suka kame mata da yara. Rumfunan kasuwar Litinin suka zama toka. Larabawa fatake da suka bai wa fadawa kaya bashi suka wayi gari babu kayan babu masu biya. Shi kuwa Rabe bai zauna a Kukawa ba, Dikwa ya zaɓa ta zama hedikwatarsa.

Inna ƴar Yebi, ki duba ki gani: waɗanda suka tsira daga Kukawa a wannan shekara, kwarin Komadugu suka kwararo, wasu suka haura ƙasar Manga, wasu suka zarce Damagaram da Kano. Hanyar da kuka bi da ƙafa a 2016 da yara a goye, wasu sun riga ku bin irinta.

Shehu biyu a bakin kogi

A nan ne fa yaƙin baƙo ya rikiɗe ya zama na ƴan gida. Manyan Barno da suka tsere sun rabu biyu. Wasu suna tare da Hashimi, wasu kuma suna cewa shi ya jawo wannan abin kunya, kuma ana raɗe-raɗin yana neman sulhu da Rabe. Waɗannan na biyun suka yi wa Abba Kyari mubaya'a ya zama Shehu. Ƙasar da ba ta da birni sai ga ta da Shehu biyu. Kafin shekarar ta ƙare Kyari ya sa aka kashe baffansa Hashimi.

Masu tarihi suna yabon Kyari da jarumta, kuma ya cancanci yabon. Amma wannan jini da aka zubar ya yi wa rundunarsa illa. Wanda ya ci abinci a hannun Hashimi, ko ya bi Kyari zuwa fagen daga, ba lalle ne ya yarda ya mutu dominsa ba. Taimako daga waje kuma babu. Damagaram ta sa ido tana kallo. Kano kuwa a daidai wannan lokaci ita ma ta faɗa cikin nata yaƙin basasa, wanda aka yi daga 1893 zuwa 1895 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Kowa na fama da gobarar ɗakinsa.

Kyari ya tara abin da ya rage na rundunar Barno a Gaidam. A farkon 1894, lokacin da ruwan Komadugu ya fara ja baya kuma dawaki ke iya tafiya, ya biyo kogin ya yi gabas da niyyar ƙwato Kukawa. Rabe ya samu labari, bai jira shi ba, ya taso daga Dikwa ya yi arewa. Suka yi kiciɓis a Gashegar, tafiyar kwana biyu daga Kukawa.

Ranar farko

A wannan karon abin da bai faru a Am Hobbio da Lekarawa ba ya faru. Mayaƙan Kyari mutane ne da aka raba da gidajensu, da yawansu matansu da ƴaƴansu suna hannun abokan gaba, kuma shugabansu yana tare da su a cikin ƙura, ba a bayan daga ba. Suka kutsa cikin ruwan harsashi har suka isa ga ƴan bindiga. Shi kuwa ɗan bindiga, in doki ya riga ya iso kansa, bindigar ta zama sanda. Layin Rabe ya karye. Tutocin da suka ci Bagarmi da Kukawa suka juya da baya, har da ta Fadlallah, ɗan lelen Rabe. Barebari suka bi su har suka shiga sansaninsu suka kama shi.

A wannan sa'a Barno ta dawo hannun masu ita. Abin da ya rage shi ne barade su ci gaba da bin waɗanda suka gudu, kada a bar su su tsaya su yi numfashi, domin mai gudu a ƙasa ba ya tsere wa doki, kuma runduna in ta watse ba ta da ƙarfi sai ta sake haɗuwa. To amma ba a yi hakan ba. Ganin sansani a buɗe, ga dabbobi, ga kaya, ga abinci, sai mayaƙa suka sauka daga dawaki suka shiga kwasar ganima. Wanda ya cika hannu ya fara tunanin inda zai kai kayansa. Runduna ta koma taron masu rabo, kowa na tsaron abin da ya samu, babu mai tsaron daga.

In za mu yi musu adalci, ba za mu ce tsabar kwaɗayi ne kawai ba. Haka tsarin yake tun kaka da kakanni: mayaƙi ba shi da albashi sai ganima, kuma wanda ya tsaya bin abokan gaba, kafin ya dawo wasu sun kwashe. Bugu da ƙari, mutanen nan an washe su a Kukawa ƴan watanni kaɗan da suka wuce, saboda haka a ganinsu kayansu suke karɓa. Sai dai ko mene ne dalili, sakamakon ɗaya ne. Garin neman gira aka rasa ido.

Bulala ɗari

Shi kuwa Rabe, da ya ga ba a biyo shi ba, sai ya tsaya. A nan ne tsarin tuta-tuta ya yi masa rana, domin sojan da ya ɓace ya san tutar da zai nema da shugaban da zai amsa wa. Kafin gari ya waye rundunar ta sake haɗuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne labarin da aka fi tunawa da shi a wannan yaƙi. Rabe ya tara shugabannin tutocinsa a gaban mayaƙa, ya sa aka yi wa kowannensu bulala ɗari saboda gudun da suka yi. Ɗansa Fadlallah ma bai tsira ba, aka kwantar da shi aka tsula masa nasa. Mutum ɗaya aka ɗaga wa, shi ne Babikir, wato Abubakar, saboda ya tsaya ya yi faɗa lokacin da saura suka juya. Ba muna yabon wannan ɗanyen hukunci ba ne, Rabe azzalumi ne, kuma Barno ta ɗanɗana kuɗarta a hannunsa. Amma ƙaramin soja da ya ga an zane ɗan sarki a gabansa ya san cewa gudu na biyu babu wanda zai yi shi ya rayu.

Da bayansu na zubar da jini shugabannin tutocin suka ja mayaƙa suka koma Gashegar. Suka tarar da rundunar Barno a warwatse, wasu na barcin gajiya, wasu sun riga sun kama hanya da kayansu. Babu lokacin ɗaura sirdi balle a ja daga. Bindiga ta fara magana, waɗanda suka ci nasara jiya suka zama abin farauta yau.

An nemi Kyari ya hau doki ya tsira, ya ƙi. Aka kama shi aka kai gaban Rabe. Labarin da dattawan Barno suka gada ya nuna cewa da aka fara yi masa tambayoyi, sai ya ce wa tafinta ya shaida wa Rabe ba a guje aka kama shi ba, kuma da shi ne ya kama Rabe da ba zai ɓata lokaci wajen tambayarsa ba, don haka in yana da abin yi ya yi. Rabe ya sa aka kashe shi. Ƙanensa Sanda ya karɓi sarautar ya yi kudu, amma bai daɗe ba shi ma aka kama shi aka kashe a Wuduro, abin da ya sa ake kiransa Sanda Wuduroma. A cikin ƴan watanni Barno ta rasa Shehu uku, ɗaya a hannun ɗan uwansa, biyu a hannun baƙo.

Wa ya biya kuɗin yaƙin?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi shafarku, ƴan kasuwa. Rabe ya mulki Barno har zuwa 1900. Ya ɗora haraji mai nauyi, mayaƙansa suna kai hari ƙauyuka suna kwashe hatsi da mutane. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya hana talakawansa ciniki da shi, Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga shi ma bai ba shi fuska ba. Hanyar Bilma da Ngigmi, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci, ta mutu murus. Fataken Turabulus suka karkata zuwa hanyar Gat da Abzin da Damagaram da Kano, wasu kuma suka koma hanyar Bangazi zuwa Wadai. Sarakuna suka yi faɗa, amma mai kanwa da mai dabino da mai sayar da fura a zango su suka rasa abinci. Kukawa ba ta sake komawa yadda take ba har yau.

Shi ma Hayatu da ya buɗe wa Rabe ƙofa bai ci riba ba. Ya zama kamar ɗan fursuna a Dikwa, kuma a 1898 da ya yi yunƙurin gudu, mayaƙan Fadlallah suka bi shi suka kashe shi.

Ƴaƴan gidan Shehu da suka rage ba su da rundunar da za ta ƙwato musu ƙasa, sai suka jira baƙo ya kore musu baƙo. A watan Janairu na 1900 ayarin Faransawa na Foureau da Lamy, wanda ya taso daga Damagaram, ya iso bakin Komadugu, inda ya amince da Sanda Kura ɗan Ibrahim Kura a matsayin Shehu. Ranar 22 ga Afrilu na 1900 aka yi yaƙin Kusuri, aka kashe Rabe, shi ma kwamanda Lamy ya mutu, aka sa sunansa ga garin da yanzu ake kira Njamena. An kashe Fadlallah a Gujba a 1901. To amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faransawa suka nemi Sanda Kura ya biya su kuɗi masu yawa, da abin ya gagara suka tuɓe shi suka naɗa ƙanensa Abubakar Garbai. A 1902 Garbai ya koma ɓangaren Ingilishi, daga baya fadar ta zauna a Yerwa, wato Maiduguri, a 1907. Faransa da Ingila da Jamus suka raba Barno uku, kuma daga yarjejeniyoyin 1904 da 1906 Komadugu ta zama iyaka. Shi ya sa yau mai tattasai a Geskeru yake da ƙane a ƙetaren ruwa mai wata takardar ɗan ƙasa daban, kuma buhu ɗaya sai ya bi ta duwan kafin ya kai kasuwar da kakansa ke zuwa da jaki ba mai tambayarsa.

Mai son ƙarin bayani, Farfesa Kyari Mohammed ya rubuta littafi da Ingilishi a kan shekarun Rabe a Barno.

Abin da ya rage mana

Mu da muka zauna a Diffa mun ga irin nasarar Gashegar da idonmu. Ranar 6 ga Fabrairu na 2015 aka kawo hari Bosso da Diffa, sojojinmu da na Chadi suka mai da shi, mutane suka yi murna ana cewa an gama. Ba a gama ba. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don kada kuɗin su faɗa hannun ƴan bindiga. Banda ta ruɓe a ɗaki, manomi ya bar fadamarsa, bashin da aka ci da niyyar biya bayan girbi ya zama abin kai ƙara. Bayan wata goma sha biyar kuma sai ga abin da ya sami Yebi da Bosso. Sai a ƙarshen 2017 aka ɗage hanin tattasai, na kifi kuma sai 2019.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin cewa sallamawa ba ita ce ciniki ba, sai kuɗi sun shiga lalita. Haka ma korar abokin gaba daga fage ba ita ce ƙarshen yaƙi ba. A wurinmu ma'aunin zaman lafiya shi ne ranar da mota za ta ɗauki tattasai daga bakin kogi ta kai Maiduguri ko Kano ta dawo da direba da yaron mota lafiya, kuma mace ta kwana a rumfarta ba ta kasa kunne. Duk wanda ya fara rabon riba kafin wannan rana, ko da kayan agajin ƴan gudun hijira ne, ko filin wanda ya gudu bai dawo ba, ko kuɗin da ake tatsa a shingen hanya, to shi ma ya sauka daga doki yana kwasar ganima.

Sai kuma zancen Hashimi da Kyari. Shekarun nan sun bar mana zargi a tsakaninmu: makiyayi na zargin masunci, manomi na zargin makiyayi, ɗan gari na yi wa ɗan gudun hijira kallon wanda ya kawo masifa, ana kuma nuna gidan da ɗansu ya shiga daji kamar uwar ce ta aike shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kasuwa ita ce wurin da Babarbare da Bafulatani da Buduma da Balarabe da Tubu da Bahaushe suke haɗuwa kowane mako dole, saboda haka ɗinkin wannan ɓaraka a rumfunanku zai fara, wajen ba da bashi da riƙon amana da yadda ake karɓar baƙuwar da ta zo da tire ɗaya tana neman wurin zama.

Inna ƴar Yebi, mun cika alkawari. Kakanninki sun ga irin wannan, sun gudu, kuma waɗanda Allah ya yi wa kwana sun dawo sun sake kafa rumfa a bakin kogin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a da da yanzu, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Wanda yake da wani labarin zamanin Rabe da ya ji daga bakin kakanninsa, ƙofarmu a buɗe take, ya aiko mana ta ofishin wannan jarida. Sai mun ji daga gare ku.